Bob Pierce: Uban Marayu, Baƙo a Gidansa

Karatu: Fitowa 18:13-23

Duk wanda ya taɓa ƙetarawa ƙasar Maraɗi ya ga rijiya ko ajin makaranta ɗauke da sunan World Vision, ya ga kaɗan daga abin da mutumin nan ya shuka. Sunansa Bob Pierce, mai bishara ne ɗan Amurka, an haife shi a 1914.

A 1947 ya je wa'azi ƙasar Sin. A garin Amoy wata malamar mishan ta kawo masa wata yarinya da aka yi wa dūka aka kore ta daga gida domin ta karɓi Yesu, ta tambaye shi abin da zai yi a kanta. Dala 5 ce ta rage masa. Ya ba da ita, ya yi alkawarin zai riƙa aiko da wata. Daga wannan ƙaramin iri World Vision ta tsiro a 1950, ta fara da marayun yaƙin Koriya. Allah ya yi aiki da shi ƙwarai, babu mai musun wannan.

Amma a gida akwai matarsa Lorraine da 'ya'ya mata uku. Yakan yi wajen wata 10 cikin shekara yana kan hanya. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi yarjejeniya da Allah: shi zai kula da 'yan tumakin Allah a ƙasashen waje, Allah kuma ya kula masa da nasa a gida. Maganar tana da daɗin ji a kan bagadi. Sai dai ban ga inda Allah ya sa hannu a kanta ba. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 3, da riƙon gida yake auna mai riƙon ikilisiya.

Na san wannan yarjejeniya, domin ni ma na taɓa ƙulla ta. Wata shekara ina kan babur tsakanin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, daga taron farkawa zuwa addu'ar dare, har ƙaramin ɗana ya yi kwana uku da zazzaɓi ban sani ba. Mahaifiyarsa ce ta goya shi zuwa asibiti ita kaɗai, ni kuwa ina can ina yi wa 'ya'yan wasu addu'ar warkarwa.

Jikin Pierce ne ya fara gazawa. A 1963 gajiya ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya kwanta jinya. Fushinsa ya yi yawa, shi da shugabannin ƙungiyar suka yi ta saɓani, har a 1967 ya ajiye aikin da shi ya kafa.

A 1968 yana Asiya tare da matarsa, sai babbar 'yarsu Sharon ta kira shi a waya tana roƙo ya dawo gida. Ya ga akwai sauran aiki, ya ci gaba da tafiya. Uwar ce ta juyo, ta tarar yarinyar ta yi ƙoƙarin ɗaukan ranta. Kafin shekarar ta ƙare Sharon ta rasu ta wannan hanya, tana da shekara 27. Ba na ɗora wa uban dukan nauyin, domin ciwon zuciya yana da saiwoyi da yawa. Amma ta kira, shi kuma bai zo ba.

Musa ya sami surukinsa Yetro da ya ce masa ya raba kayan kada shi da jama'a su gaji, ya kuma ji. Pierce bai sauke ba. A 1970 ya kafa Samaritan's Purse, a shekarar kuma suka rabu zama da Lorraine. A 1973 likitoci suka gano yana da kansar jini, duk da haka ya ci gaba da hawan jirgi.

A farkon Satumba 1978, jiki ya riga ya ƙare, iyalin suka taru da shi wata maraice guda. Lorraine tana nan, da 'ya'yan biyu da suka rage. Suka ci abinci tare, aka shirya. Bayan kwana huɗu, ranar 6 ga Satumba, ya rasu yana da shekara 63.