Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun

An haifi Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura, cikin tsohon Lardin Sakkwato. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne, saboda haka a gindin kotso yaron ya buɗe ido.

Tun yana ƙarami aka sa shi cikin 'yan amshi. Shekara da shekaru aikinsa ke nan: ya karɓi waƙa, ya riƙe kiɗa, ya saurari yadda manya ke jera magana. Da mahaifin ya rasu, wansa Abdu Kurna ya gaje shi, Musa kuwa ya ci gaba da bin wan nasa. Sai da murya ta nuna, hannu ya faɗa, sa'an nan ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa ko gaban Sardauna Ahmadu Bello, ko gaban Sarkin Daura Muhammadu Bashar, muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya rasu cikin 1991.

Muna roƙon malamai su ba almajiransu masu gaggawa wannan labari, gama yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Allah ya jiƙansa, amin.