Dominique Larrey, likitan sojan da ba ya tambayar ɓangaren mai rauni

Bayan yaƙin Waterloo a shekarar 1815, sojojin ƙasar Prusiya, wadda wani ɓangarenta yau yake cikin Jamus, sun kama wani Bafaranshe da rauni a jikinsa, suka ɗaure shi za su harbe. Sai wani likitansu ya matso, ya gane fuskar malamin da ya taɓa koya masa aikin fiɗa. Aka kai fursunan gaban babban kwamandansu Blücher, ashe shi ne ya ceci ran ɗan kwamandan lokacin da ya faɗa hannun Faransawa da rauni. Nan take aka sake shi.

Wannan fursuna shi ne Dominique Jean Larrey. An haife shi a 1766 a ƙauyen Beaudéan da ke kudancin Faransa. Yana ɗan shekara 13 ya zama maraya, ya tafi Toulouse wurin baffansa, likitan fiɗa, can ya koyi aikin.

Lokacin da ya shiga rundunar Faransa a 1792, wanda aka harba a fagen daga sai ya kwanta a wurin har faɗa ya lafa, wani lokaci ya kwana ya yini, jini na zuba. Larrey ya lura da saurin da dawaki ke jan igwa, sai ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi da ke shiga fili ana cikin ɓarin wuta su kwaso masu rauni. Ya kuma kafa ƙa'idar da ta fi kekunan tasiri: wanda ya fi jin jiki da shi ake farawa, kurtu ne ko hafsa, nasu ne ko abokin gaba. A zamanin ba maganin sa barci, saurin hannu ne kawai sauƙin da likita zai yi wa mutum. An ruwaito cewa a yaƙin Borodino na Rasha, a 1812, ya yanke hannuwa da ƙafafu kusan 200 cikin kwana guda.

Kada dai a manta, rundunar mamaya ya yi wa aiki. Ya bi Napoleon har Masar, ya ɗinke raunukan yaƙe-yaƙen da bai taɓa juya wa baya ba. Napoleon ya bar masa faran 100,000 a wasiyyarsa.

A 1842, ya je duba asibitocin soja a Aljeriya, inda Faransa ke yaƙin mulkin mallaka. A hanyar dawowa ciwo ya kama shi, ya rasu a birnin Lyon ranar 25 ga Yuli.