Harold Larwood, Mai Jefa Ƙwallo

Gasar kurket ta Ingila da Ostareliya tana cikin gasannin da suka fi daɗewa. A 1882 mutanen Ostareliya suka ci Ingilishi a birnin Landan, wata jarida ta yi ba'a, wai kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostareliya. Tun daga nan ake kiran gasar nan Toka. Ga labarin wani da gasar ta ɗaukaka, ta kuma kayar da shi.

An haifi Harold Larwood ran 14 ga Nuwamba, 1904, a ƙauyen Nuncargate, cikin lardin Nottingham. Ubansa mahaƙin kwal ne. Yana da shekara 14 shi ma ya shiga rami, yana kora ƙananan dawakin da ke jan kwal. In an tashi aiki sai ya tafi fili. Ba dogo ba ne, amma jifarsa kamar harsashi. Ƙungiyar lardinsu ta ɗauke shi da albashi, a 1926 kuwa ya fara yi wa Ingila wasa.

A 1930 wani saurayin Ostareliya, Don Bradman, ya gagari Ingilishi, ya ci gudu 974 cikin wasa biyar. Da za su tafi ramuwa a 1932, kyaftin ɗinsu, Douglas Jardine, ya shirya dabara. Watau a riƙa auna jikin mai bugu, ƙwallon ya daki ƙasa ya tashi wajen haƙarƙari ko kai, masu cafewa kuwa su taru kusa da shi. In ya kare kansa da sanda, a cafe. In bai kare ba, ya sha duka. Lokacin ba a sa hular kwano. Larwood aka ɗora wa aikin, ya kuwa yi shi sosai.

A Adelaide, cikin Janairu 1933, ƙwallonsa ya sami kyaftin ɗin Ostareliya, Bill Woodfull, a ƙirji, daga baya ya fasa ƙoƙon kan Bert Oldfield. 'Yan kallo suka harzuƙa, hukumomin wasan ƙasashen biyu suka yi ta aika wa juna waya mai zafi. Ingila ta ci huɗu, Ostareliya ɗaya. Larwood ya fitar da mai bugu sau 33. Duk da haka, a wasan ƙarshe a Sidni, da ya ci gudu 98, mutanen nan da ke yi masa ihu suka tashi suka tafa masa.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ba haka aka yi ba. A 1934 manyan kurket na Ingila suka so su shirya da Ostareliya, sai suka ce Larwood ya sa hannu a takardar neman gafara. Jardine, wanda ya ba da umurnin, ɗan manya ne da ya yi karatu a Oxford, ba wanda ya nemi wannan a gare shi. Larwood ya ƙi, domin a ganinsa abin da shugabansa ya sa shi ne ya yi. Bai sāke yi wa Ingila wasa ba. Ya bar ƙungiyar lardinsu a 1938, bayan yaƙi ya sayi kantin alewa a Blackpool.

Can Jack Fingleton ya same shi, ɗaya daga cikin waɗanda suka sha dukan ƙwallonsa, ya ba shi shawara ya ƙaura. A 1950 ya kwashi iyalinsa zuwa Sidni, cikin jirgin ruwan da ya kai shi a 1932. Abokan gāba na dā suka karɓe shi hannu biyu, har shi da Oldfield suka zama aminai. Sai a 1993 Ingila ta ba shi lambar girma. Ya rasu ran 22 ga Yuli, 1995, yana da shekara 90.

Mu da za mu riƙe aji da ƙungiyar yara gobe, mu lura. Yaro yakan yi abin da malaminsa ya sa shi da zuciya ɗaya. In abin ya ɓaci, malam ne ya kamata ya tsaya gaba ya amsa, kada ya bar yaro da kaya.