Frank Whittle: ɗalibin da ya ƙi rufe kundin kammala karatunsa

Duk wanda ya zauna da 'yan ajin ƙarshe a tsangayar injiniya ya san yadda zangon ƙarshe yake. Ido ya yi ja, aljihu ya bushe, malamin da ke duba furojet ya dawo da babi na uku karo na huɗu, na'urar da aka haɗa kuma ta ƙi tashi ana saura mako guda a tsaya gaban malamai a kare ta. A irin wannan lokaci burin da yawa bai wuce a sa musu hannu, a ɗaure kundin, a huta ba. Yau filin namu zai leƙa Ingila, wajen wani ɗalibi da ya miƙa nasa kundin a 1928, aka yaba, har aka ba shi lambar yabo, amma ya ƙi yarda cewa aikin ya ƙare. Sai da ya shekara 13 yana bin tambayar da ya bari a buɗe a ciki. Sunansa Frank Whittle, kuma idan ka taɓa shiga jirgin alhazai zuwa Jidda, injin da ya ɗauke ka daga zuriyar nasa yake.

An haife shi ranar 1 ga Yunin 1907 a birnin Coventry. Mahaifinsa, Moses, ma'aikacin injuna ne, wanda daga baya ya lallaɓa ya sayi ɗan ƙaramin wurin ƙira a garin Leamington Spa, inda ake yin bawul da ringin fistin. A nan yaron ya koyi riƙe kayan aiki. Idan ya bar wurin kuma, ɗakin karatu na garin ya nufa, yana ta cin littattafai kan taurari da injuna da yadda jirgi ke tashi.

A 1923, bai kai shekara 16 ba, ya nemi shiga rundunar sojan saman Birtaniya a matsayin ɗan koyo. Jarrabawar rubutu ya haye ta ba wata wahala. Likitoci ne suka kayar da shi: tsayinsa ƙafa 5 kacal, ƙirjinsa kuma bai kai ma'auni ba. Ya koma gida ya shiga motsa jiki da cin abinci bisa tsari, har ya ƙara inci 3 cikin wata shida, ya dawo, aka sake korarsa. Sai a karo na uku ya samu shiga, a makarantar 'yan koyo da ke Cranwell, a watan Satumba na wannan shekarar.

Aikin da aka shirya masa shi ne gyaran jirage a ƙasa. Abin da ya sauya masa hanya ƙananan jiragen kwaikwayo ne da yake ƙerawa a ƙungiyar ɗalibai. Kwamandansu ya ga kyawun aikin, ya kuma lura yaron na da kan lissafi, sai ya ba da sunansa a kai shi kwalejin horar da hafsoshi ta Cranwell a 1926. Nan ya tsinci kansa cikin 'ya'yan masu hali da suka fito daga makarantun kuɗi, shi kuwa ɗan leburan ƙarfe. Ya koyi tuƙin jirgi da sauri, amma fa akwai rawar kai: littafin tuƙinsa cike yake da gargaɗi da jan biro saboda wasa da jirgi a sama, har aka hana shi shiga gasar tuƙi ta ƙarshen zango.

To a nan ne maganar kundin ta shigo. Cranwell ba jami'a ba ce, kwalejin soja ce, amma ana buƙatar ɗalibi ya rubuta aikin bincike kafin ya fita. Whittle ya zaɓi ya yi nasa a kan inda ƙirar jiragen sama ta dosa nan gaba. Ka tuna a lokacin jiragen yaƙin da yake tuƙawa masu fiffike biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, gudunsu kuma bai wuce wajen kilomita 250 a awa ba. Shi kuwa ya zauna yana lissafin jirgin da zai yi kilomita 800 a awa.

Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Abin da ke hana jirgi gudu shi ne iskar da yake kutsawa cikinta. Can sama sosai iskar ba ta da kauri, don haka turjiyarta kaɗan ce. Duk mai son gudu da cin dogon zango, dole ya hau can. Matsalar ita ce injin da ake da shi bai son wurin. Injin fistin, irin na mota, da iska yake numfashi, yana yin sama ƙarfinsa na raguwa. Farfela ita ma da zarar gudu ya yi yawa sai ta fara asarar ƙarfi. Ma'ana, wurin da jirgi ya fi samun sauƙin gudu, nan ne injinsa ke shaƙewa. Sai ya shiga duba abin da zai maye gurbinsa. Ya auna roka. Ya auna tabain, wato fanka mai fikafikai da yawa wadda iskar gas mai zafi ke juyawa, a sa ta juya farfela.

Abin da na fi so a labarin nan shi ne, babu injin jet a cikin wannan kundi. Mutane kan ɗauka a zaune ɗaya ya zana shi ya miƙa wa malamai, alhali ba haka aka yi ba. Abin da ya samu shi ne tambaya ta gaske, da lissafin da ya nuna cewa hanyar da kowa ke bi tana da iyaka. Amsar ba ta hannunsa, kuma bai yi ƙaryar cewa yana da ita ba. Ya fita a 1928 yana ɗan shekara 21, shi ne na biyu a ajinsu a ɓangaren karatu.

Aka tura shi bakin aiki, yana tuƙi, tambayar na cin sa. Ya gwada wata dabara a takarda: a ɓoye injin fistin cikin bututu ya riƙa juya na'urar matse iska, a ƙona mai a bayanta, hucin ya fita ta baya ya tura jirgin. Lissafi ya nuna masa nauyin ya yi yawa, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sai a ƙarshen 1929, yana kwas na zama malamin tuƙi a Wittering, abin ya faɗo masa: me zai hana a cire fistin ɗin gaba ɗaya, a sa tabain a wurinsa? Iska ta shigo ta gaba, a matse ta, a fesa mata mai a kunna wuta. Hucin da ya taso ya bi ta kan tabain ya juya ta, ita kuma ta juya na'urar matse iskar ta hanyar sanda guda da ta haɗa su. Ragowar ƙarfin ya fice ta baya da gudu, jirgi ya yi gaba, kamar yadda balan-balan ke fizga idan ka hura ta ka saki bakinta. Babu farfela, babu fistin mai kai da komo.

Wani abokin aikinsa, Pat Johnson, wanda ya san harkar rajistar ƙirƙira, ya taimaka aka kai maganar Ma'aikatar Harkokin Sama. Can aka miƙa ta ga Dakta A. A. Griffith, masanin da shi ma yake nasa binciken kan tabain. Griffith ya gano kuskure a lissafin saurayin, kuma hukuncin da ya fito daga ma'aikatar shi ne abin ba zai yiwu a aikace ba. A ganina bai kamata a mayar da mutanen nan wawaye ba, kamar yadda masu ba da labari kan yi. A 1929 da gaske babu ƙarfen da aka tabbatar zai jure irin zafin da tabain ɗin ke buƙata. Inda suka yi sake shi ne ɗaukar matsalar yau a matsayin ta har abada. Sakacin ya kai ga cewa da Whittle ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Janairun 1930, ba su ga dalilin ɓoye ta a matsayin sirrin soja ba. Aka amince da ita a 1932, aka buga ta, kowa na iya karantawa, har a Jamus.

Ya zaga kamfanoni, ba wanda ya saya. Lokacin duniya na cikin matsin tattalin arziki. Ya yi aure a 1930, ya yi aikin gwajin jiragen da ke sauka a kan ruwa a Felixstowe, sannan ya yi kwas ɗin injiniya na hafsoshi a Henlow. Sakamakonsa a can ne ya sa rundunar ta tura shi Jami'ar Cambridge a 1934, kwalejin Peterhouse, ya karanci injiniyan injuna. Yana can, a Janairun 1935, wa'adin sabunta rajistar ya cika. Kuɗin fam 5 ne. Ga iyali, ga ƙarancin albashi, ma'aikatar kuma ta ce ba za ta biya ba. Haka ya bari rajistar ta mutu. Fam biyar fa!

Bayan 'yan watanni wasiƙa ta zo daga wani tsohon abokinsa na Cranwell, Rolf Dudley-Williams, wanda shi da abokin kasuwancinsa J. C. B. Tinling suka ce za su nemo masu zuba jari. Wani ƙaramin bankin zuba jari na Landan ya amince, aka kafa kamfanin Power Jets a farkon 1936. Shekarar ƙarshe ta Whittle a jami'a ke nan: ga zanen inji, ga zirga-zirga zuwa masana'antar British Thomson-Houston da ke Rugby inda za a ƙera shi, ga jarrabawar ƙarshe na tafe. Duk da haka ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya, rundunar kuma ta ƙara masa shekara guda a Cambridge don ya ci gaba da binciken.

Ranar 12 ga Afrilun 1937 aka tayar da injin karo na farko a Rugby. Ya kama, sai kuma ya fara ƙara gudu da kansa yana wata irin ƙara mai firgitarwa, ko da aka rufe mai bai tsaya nan take ba. Ma'aikatan da ke wurin suka ranta a na kare. Daga baya aka gane man da ya yoyo ne ya taru a cikin ɗakin ƙonawa, shi ya ci gaba da ciyar da wutar. Duk ɗalibin da ya taɓa kunna abin da ya haɗa da hannunsa ya ga hayaƙi ya tashi, ya san wannan bugun zuciyar.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi ɗaci. Aka mayar da gwajin wata tsohuwar maƙera da aka daina amfani da ita a Lutterworth. Kuɗi babu, don haka inji guda ake ta warwarewa ana sake haɗawa da sassan da suka riga suka gaji. Fikafikan tabain na karyewa. Ƙona mai da yawa a ɗan ƙaramin wuri ba tare da wutar ta mutu ko ta cinye ƙarfen ba ya zame musu ƙarfen ƙafa na tsawon lokaci. Shi kansa Whittle ya rame, ga shan taba ba ƙaƙƙautawa, ga magungunan hana barci da rana da na sa barci da dare. Wannan ɓangaren ba abin koyi ba ne, kuma ya biya farashinsa: sau da dama jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suka gaza har aka kwantar da shi.

A ƙarshen Yunin 1939 daraktan binciken kimiyya na ma'aikatar, David Pye, ya zo ya ga injin ya yi wajen minti 20 yana aiki da ƙarfi ba tangarɗa. Daga nan ra'ayi ya sauya, kuɗin gwamnati ya fara shigowa, aka ba kamfanin Gloster aikin ƙera ƙaramin jirgin gwaji. Sai dai an makara. Ranar 27 ga Agustan 1939, kwanaki kaɗan kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jirgin Heinkel He 178 ya tashi a Jamus da injin wani matashi, Hans von Ohain, wanda ya samu attajirin mai masana'antar jirage ya tsaya masa tun da wuri. Jirgin jet na farko a duniya ya zama na Jamus.

Na Whittle, Gloster E.28/39, ya tashi ranar 15 ga Mayun 1941, matuƙi Gerry Sayer na riƙe da shi, ya yi minti 17 a sama. Filin da ya tashi kuwa shi ne Cranwell, inda aka rubuta kundin shekara 13 da suka wuce. Kafin shekarar ta ƙare an aika da injinsa guda Amurka, kamfanin General Electric ya ɗora a kai. A Birtaniya, bayan doguwar taƙaddama da kamfanin Rover, aikin ƙera injunan ya koma hannun Rolls-Royce, jirgin yaƙi na Gloster Meteor kuma ya fara aiki a 1944.

A wannan shekarar gwamnati ta karɓe Power Jets. Whittle ya sallama hannun jarinsa, daga baya kuma aka hana kamfanin ƙera injuna, aka bar shi da bincike kawai. Ya ajiye muƙaminsa a can a 1946, ya yi ritaya daga soja a 1948 saboda rashin lafiya, yana ɗan shekara 41. A shekarar ne aka ba shi kyautar fam 100,000 da lambar girma ta Sir. Ya yi aikin ba da shawara ga kamfanin jiragen BOAC, ya ƙera wa Shell na'urar haƙar rijiyar mai da tabain ke juyawa, sannan a 1976 ya koma Amurka, inda ya zama farfesan bincike a kwalejin sojan ruwa da ke Annapolis. Shi da von Ohain sun haɗu a 1966, suka zama abokai, har sukan fita tare suna gabatar da lacca.

Ciwon daji na huhu ne ya yi ajalinsa a jihar Maryland a watan Agustan 1996, yana da shekara 89. Aka dawo da tokarsa Ingila, aka ajiye a Cranwell. Jirgin nan na farko, E.28/39, yana gidan adana kayan kimiyya na Landan.