Soren Sorensen, Mutumin da Ya Yi wa Tsami Ma'auni

Kowace mace a Suleja ta san in miyar yakuwa ta cika tsami, sai a jefa mata 'yar kanwa ta kashe shi. Masu rini na Ƙofar Mata a Kano kuma sun san baba ba ya kama zane sai da ruwan toka. Wannan ilmi kakanninmu sun daɗe da shi. Amma in ka tambayi mai miya ko tsamin nan nawa ne, iyakarta ta ce ya yi yawa, ko ya yi kaɗan. Hatsi yana da mudu, zane yana da kamu, tsami kuwa ko a ƙasar Turai bai sami ma'auni mai sauƙin faɗi ba sai cikin 1909. Ga labarin wanda ya kawo shi.

An haifi Soren Sorensen ran 9 ga watan Janairu, 1868, a wani ƙauye wai shi Havrebjerg, cikin ƙasar Denmak. Ubansa manomi ne. Da ya shekara 18 sai ya shiga Jami'ar Kopenhagen da niyyar zama likita. Can ya gamu da wani shaihun malami, Jorgensen, wanda ya ja hankalinsa ga ilmin haɗa sinadarai. Ya bar likitanci ya duƙufa a kan wannan, har ya sami digirin dakta cikin 1899.

A birnin nan akwai wani ɗakin bincike mai suna Carlsberg, wanda wani attajiri mai masana'antar giya, J. C. Jacobsen, ya kafa cikin 1875. Ko da ya ke kuɗin giya ne ya gina shi, ba sha'anin giya kaɗai a ke bincike a ciki ba, kuma duk abin da aka gano a kan buga shi kowa ya amfana. Cikin 1901 aka naɗa Sorensen shugaban sashen sinadarai na wurin, ya gaji Johan Kjeldahl. Ya riƙe wannan aiki shekara 37.

Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne waɗansu sinadarai da a ke kira enzayim, irin waɗanda ke cikin yawu da tumbi suna narkar da abinci. Ya lura kowannensu yana da gwargwadon tsamin da ya ke so. Na tumbi sai cikin tsami mai ƙarfi ya ke aiki, na yawu kuwa tsami mai ƙarfi tsai da shi ya ke yi. Ashe ke nan ba shi yiwuwa a fahimci aikinsu sai an iya auna tsami daidai.

To, mene ne tsami? Masana sun kasa abubuwa gida biyu. Akwai asid, watau dangin lemon tsami da tsamiya. Akwai kuma kishiyarsa, dangin kanwa da ruwan toka, wanda Turawa ke kira alkali. Kada a ɗauka alƙalin shari'a ne. Kalmar daga Larabci ta fito, ma'anarta tokar tsire-tsire. Tun kafin Sorensen, wani masani na ƙasar Suwidin, Arrhenius, ya nuna asid in ya shiga ruwa ya kan saki waɗansu 'yan ƙwayoyin haidirojin masu ɗauke da lantarki, kuma yawansu shi ne ƙarfin tsami. Wahalar ita ce lissafinsu. Cikin lita guda ta tsarkakakken ruwa nauyinsu giram 0.0000001 ne kawai. Wa zai yini yana rubuta sifiri haka bai ɓata ba?

Dabarar Sorensen ita ce a bar rubuta dogon lissafi, a ƙidaya gurabun da ke bayan ɗigo kurum. A lissafin ruwan nan gurbi 7 ne, saboda haka sai a ce awonsa 7. Wannan lamba ita a ke kira pH. Abin da ya kasa 7 asid ne, abin da ya ɗara 7 dangin kanwa ne, yawancin abubuwa kuwa tsakanin 0 da 14 su ke. Ruwan lemon tsami wajen 2 ya ke, ruwan sabulu wajen 10.

Akwai abu biyu da ke rikita 'yan makaranta, ya kamata mu masu shirin koyarwa mu riƙe su. Na fari, ƙaramar lamba ita ce tsami mai yawa. Na biyu, kowane taki guda ninki 10 ne. Mai awo 4 ya fi mai awo 5 tsami sau 10, ya fi mai awo 6 sau 100.

Sorensen ya kuma bayyana hanya biyu ta yin awon: ɗaya da lantarki, ɗaya da waɗansu rinai masu sake launi gwargwadon tsamin ruwan da aka ɗiga su. Bayan wannan ya juya ga binciken furotin, shi da matarsa Margrethe, wadda ita ma masaniya ce. Sun yi shekaru suna aiki a kan farin ƙwai. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, amma bai samu ba. Ya bar aiki cikin 1938, ya rasu ran 12 ga watan Fabrairu, 1939, yana da shekara 71. Kafin rasuwarsa, cikin 1934, wani Ba'amurke, Arnold Beckman, ya ƙera akwatin awon pH domin masu sana'ar lemo a Kalifoniya, awon ya fita daga ɗakin masana ya shiga hannun ma'aikata.

Yau likita da wannan lamba ya ke duba jini, gama jinin mai lafiya tsakanin 7.35 da 7.45 ya ke, in ya kauce da yawa rai yana cikin haɗari. Malamin gona da ita ya ke duba ƙasa, gama yawancin amfanin gona ya fi son awo 6 zuwa 7, kuma yawan zuba wani irin takin zamani shekara da shekaru ya kan sa gona ta yi tsami. Masu tace ruwan famfo su ma da ita su ke aiki.

'Yan'uwana ɗalibai, kada wani ya ce makarantar da aka tura shi ba ta da kayan gwaji. A jiƙa zoborodo, a raba ruwan cikin kofi uku. A matsa lemon tsami a na fari, zai ƙara ja. A bar na biyu yadda ya ke. A zuba ruwan kanwa a na uku, zai juya ya yi duhu, ya doshi kore. Wannan ita ce hanyar Sorensen ta biyu, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun malami ba. In yara sun gani da idonsu, sa'an nan a rubuta musu lambobin a allo, a kuma gaya musu ɗan manomi ne ya fito da su.