Alhasan Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Binciki Ruɗin Ido

An haifi Abu Aliyu Alhasan Ibnul Haisam a birnin Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 Hijiriyya, watau 965 Miladiyya. A can ya yi karatu, ya shahara a ilmin lissafi har sunansa ya kai Masar, inda Halifa Alhakim na daular Faɗimiyya yake sarauta.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Halifa ya ji labarin malamin ya ce zai iya sarrafa ambaliyar kogin Nilu, sai ya aika a zo da shi. Da Ibnul Haisam ya yi kudu har wajen Aswan, ya ga girman kogin, sai ya tabbata abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Bai yi rufa-rufa ba, ya komo ya faɗi gaskiya. To, Alhakim kuwa sarki ne mai saurin hukunci, saboda haka aka ce malamin ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa, aka tsare shi a gida har Halifa ya kau a 1021. Daga nan ya zauna kusa da Masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannunsa yana sayarwa, da haka yake ci.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai kashi 7. A cikinsa ya rushe zancen mutanen da, masu cewa wani haske ne yake fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo. Ya nuna ta hanyar gwaji cewa haske ne yake tasowa daga abin ya shiga ido. Har ila yau ya bayyana cewa ido haske da launi kaɗai yake karɓa, amma sanin nisa da girma da motsi hukunci ne da hankali yake yankewa cikin gaggawa, har mutum ba ya lura ya yanke shi.

Kashi na 3 kuwa kan kurakuran gani ya tsaya. Wanda ya dubi wata a daren da gajimare ke gudu, sai ya ga kamar watan ne ke sheƙawa. Wanda ke cikin jirgin ruwa, sai ya ga itatuwan bakin gaɓa suna tafiya, alhali kuwa suna tsaye cik. Malamin ya jera sharuɗɗa 8 na ingancin gani, cikinsu akwai isasshen haske, da matsakaicin nisa, da garau ɗin iska, da isasshen lokaci, da lafiyar ido. In ɗaya ya tauye, sai kuskure ya shigo. Zane-zanen nan na yau da ake ganin kamar suna juyawa a kan takarda, irin wanda masanin Japan Akiyoshi Kitaoka ya fitar a 2003, duk suna ƙarfafa wannan magana tasa.

Ya rasu a Alƙahira wajen 430 Hijiriyya, watau 1040. An juya littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, malaman Turai suka ɗebi ilmi a ciki.

Abin lura ga Musulmi a nan shi ne, idan ido mai lafiya yana iya ganin tsayayye yana tafiya, to ina ga labarin da kunne ya jiyo a kasuwa? Shi ya sa shari'a ta tsananta wajen karɓar shaida, ko ta ganin jinjirin wata ce ko ta gaban alƙali, kuma Suratul Hujurati ta yi umurni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi. Mutum nawa aka zubar wa mutunci saboda wani ya rantse ya gani, alhali bai tsaya ya duba ba?

Allah Ya jiƙan Ibnul Haisam, Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta, amin.