Tarihin Maikel Farade, Ɗan Maƙeri

An haifi Maikel Farade a gefen birnin Landan cikin shekarar 1791 ta Miladiyya. Ubansa maƙeri ne matalauci, saboda haka bai daɗe a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi wurin mai ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai yana ɗinki, yana kuma karanta abin da ya ɗinka. A 1812 ya halarci darasin masani Hamfuri Debi, ya rubuta abin da ya ji, ya yi masa bango ya aika masa. Da shekara ta kewayo Debi ya ɗauke shi mataimaki.

Tun 1800 an san idan aka tsoma ƙarfe biyu a ruwa aka sa musu lantarki, ruwan kan rabu ya zama iska iri biyu: haidurojin mudu biyu, oksijin mudu ɗaya. Mizanin abin ne ya gagara. Farade ya gwada fallayen ƙarfen filatinam, manya da ƙanana, lantarki guda na ratsa su, sai iska ta fito daidai wa daida. A 1834 ya tabbatar yawan iska na bin yawan lantarkin da ya ratsa ruwan. Ashe faɗin fallaye da kusancinsu hanya kawai suke sauƙaƙa masa. In sun yi nisa, ƙarfin ya ɓace wajen ɗumama ruwa. In sun matsu ainun, kumfa ta toshe tsakani, iskokin su gauraya, gaurayensu kuwa tartsatsi guda ke fasa shi.

Sau biyu ya ƙi shugabancin babbar majalisar masanan Ingila. Ya rasu a 1867.